Rasuwar Gwaggo, Firizar Ɗakin Binciken Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai gama farfaɗowa ba, Dakta mai kula da ɗakin binciken ruwa, wadda ɗalibai ke kira Uwar Kwalabe a bayan idonta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka san da hannunsu a ciki, rasuwar firizarta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Marigayiyar ta cika ne a kusurwarta ta kullum, tsakanin wurin wanke kwalabe da tagar nan da ba ta rufuwa, bayan gajeruwar rashin lafiya da doguwar kulawar kwamiti. Ta tafi da amana a cikinta, kuma amanar ba ta tsira ba.

Gwaggo ba 'yar boko ba ce tun asali. Ta yi ƙuruciyarta a shagon gwaggon Dakta, ƙanwar mahaifinta, tana daskarar da ƙanƙara ana sayar wa masu lemo. Lokacin nan Dakta ta roƙi sashensu firiza har yawun bakinta ya ƙafe, kullum ana ce mata maganar tana sama, ba a kuwa taɓa faɗa mata wane saman ba. Da ciwon gwiwa ya hana gwaggon sana'a, sai ta ce wa 'yar wanta ta zo ta kwashe abarta, da ta yi tsatsa a banza gara ta yi ilimi. Aka ɗoro ta a bayan a-kori-kura, ɗalibai suka hau da ita bene suna nishi suna tsine wa wanda ya zana matakalar, ta samu lotsawa a ƙugu wadda ta zauna da ita har ƙarshen rayuwarta. Tun daga ranar sunan tsohuwar ya bi ta.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri da riƙon sirri. Fara ce, doguwa a kwance, mai faɗin ciki, ba ta da ado sai ɗan koren ido guda da ke nuna tana raye. Ba ta da yawan magana. Abin da aka sani daga bakinta shi ne zuuuuu, a hankali, safe da yamma, sai in ta gaji ta ce tak, ta huta, ta sake ɗauka. In an ɗauke wuta ba ta raki kamar na'urorin zamani masu ƙara tii-tii su tara wa mutum jama'a. Shiru take yi, ta ƙanƙame sanyinta, har wuta ta dawo ta ja dogon numfashi, gurrr, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta ga yajin aiki iri-iri, ta ga shugabannin sashe sun hau sun sauka, ta ga ɓera ya ci mata waya an ɗaure da salatif, ba ta taɓa neman hutu ko ƙarin girma ba.

Wanda bai san aikin ɗakin ba zai ce wannan kuka ya yi yawa a kan akwatin ƙarfe, don haka ya kamata a yi masa bayani. Ruwan kogi, ko an tace shi tas, yakan rage da ɗan launi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Wannan launi narkakken ganye ne da saiwa da ruɓaɓɓiyar ƙasa, abin da kogin ya kwaso a hanyarsa. A cikinsa akwai sinadarin kabon, shi kuwa kabon 'yan uwa uku ne ciki ɗaya, sha biyu da sha uku da sha huɗu. Sha biyu ya fi yawa, amma ba ruwansa da maganar kowa. Sha uku magulmaci ne, in an auna shi sai ya faɗi ko abin daga bishiya ya fito ko daga ciyawa da masara. Sha huɗu shi ke riƙe da shekaru, domin raguwa yake yi sannu a hankali, sai ya faɗi ko ganyen bara ne ya narke ko ƙasar da ta shekara dubu a binne. Sharaɗin ɗaya ne, ruwan ya zauna a daskare. In ya narke ya ji ɗumi, ƙananan halittun da matatar ruwa ba ta iya tare su duka sai su farka da yunwa, su fara da sabon kabon mai daɗin ci, su bar tsohon mai tauri. Sai a wayi gari ruwan da ke ɗanye shar yana rantsuwa shi tsoho ne.

To, a can saman kogin da Dakta ke nazari, da akwai daji. Daji na gaske, wanda rana ba ta taɓa ƙasa sai ta nemi izini. Dakta tana matashiya ta riƙa zuwa can damina da rani, ta shiga ruwa har ƙugu, sauro ya ci rabonsa, ta cika kwalabe masu duhu da ta gasa a tanda don kada ko ƙurar hannu ta shiga, ta tace, ta kawo wa Gwaggo ajiya. Daga baya aka sare dajin, aka nome wani ɓangare, aka yanka sauran fuloti-fuloti. Kogin ya koma ja. Dakta ta ce abin da yake ɗauka yanzu ba ganye ba ne, tsohuwar ƙasar wurin ce ke narkewa tana tafiya. Waɗanda suka sare dajin suka ce sam, kogin haka Allah ya yi shi tun fil'azal, malamar ce ke neman suna. Babu mai raba gardamar sai kwalaben layin ƙasa na cikin Gwaggo, waɗanda aka ɗiba tun dajin na tsaye. Injin da ke auna sha huɗu kuwa yana wata ƙasa, layin masu jiransa ba ya motsi. 'Yar da Dakta ke goye da ita ranar da ta shiga layin, yanzu ta fi ta tsawo.

Duk tsawon wannan jira Gwaggo ce ta riƙe shaidun. Dakta takan shigo da safe, kafin ta gaida kowa, ta ɗora tafin hannu a kan murfin, ta ji zuuuuu ya ratsa ta har kafaɗa, sannan hankalinta ya kwanta. Maigidanta ya sha cewa da za ta riƙa taɓa goshinsa haka kullum, da hawan jininsa ya sauka tuni.

Ba za a ɓoye ba, marigayiya tana da rauni guda, ba ta iya cewa a'a. An rubuta a murfinta da jan fenti, BA A SA ABINCI, amma dai rubutun bai taɓa hana kowa ba, sai ma ya zama alamar da ake kwatanta wa sabon ma'aikaci inda zai ajiye cefanensa. Farfesan Ƙasa, wato masanin ƙasar noma na ofishin da ke kallon nasu, yana da cinyar bijimin sa a kusurwar dama wadda ba ta ƙarewa. Sakatariyar sashe tana da kifinta. Shugaban Sashe yana da kaji, wai na baƙin jami'a ne, ko da yake ba a taɓa ganin baƙon da ya ci ko fiffike ba. Har yau ana tuna shekarar da ledar kajin ta tsiyaye a kan kwalbar wata ɗaliba, aka kai kwalbar cibiyar da ke auna sha uku, sakamako ya dawo yana nuna cewa kogin kaza ne, kuma an yi kiwonsa da masara. Ɗalibar ta yi kuka, Dakta ta yi faɗa har muryarta ta dushe, aka kwashe kajin, bayan sati suka dawo cikin leda biyu.

Ciwon ajali ya sami Gwaggo ne Dakta ba ta gari. Ta tafi babban taron masana a ƙetare, inda aka gayyace ta ta yi jawabi a kan yadda ake adana ruwan kogi kada ya lalace. An ce ta yi bayani har aka miƙe ana tafi. A wurin ne kuma matar da ke kula da injin sha huɗu ta ja ta gefe ta ce layi ya zo kanta, ta kawo kwalabenta wata mai kamawa. Dakta ta koma masauki ta rufe ƙofa ta taka rawa ita kaɗai, da girmanta da komai.

A daidai wannan lokaci, a gida, Sakatariya ta zo ɗaukar kifi ta ji ya yi laushi. Ta kasa kunne, sai ta ji muryar Gwaggo ta sauya. Babu zuuuuu. Sai gurr, ƙyas. Shiru. Gurr, ƙyas. Ta ruga ta faɗa wa Shugaban Sashe, shi kuwa, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi, bai yi wata-wata ba ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba, Farfesan Ƙasa mataimaki, Sakatariya mai rubutu.

Shawarar farko da kwamitin ya yanke ita ce kada a gaya wa Dakta, don kada hankalinta ya tashi ta kunyata jami'a a gaban baƙi. Ta biyu ita ce a ceto masu rauni. Nan da nan aka kwashe cinyar sa da kifi da kaji, aka kai firizar sashen maƙwabta, wadda ke da fili a lokacin, aka cika ta har sai da aka hau murfin aka danna. Kwalaben kuwa ba wanda ya taɓa su, domin Dakta ta sha gargaɗi cewa kada wanda ya kuskura ya sa musu hannu ba da izininta ba. Wannan ita ce doka ɗaya tilo ta ɗakin da aka taɓa bi, kuma aka zaɓi ranar nan don a bi ta.

Shawara ta uku ita ta ƙarasa marigayiya. Shugaban Sashe ya ce ba za a kira mai gyara a kan jita-jita ba, nan jami'a ce, sai an tabbatar a ilmance ko mutuwa take yi ko hutawa. Aka ɗauko ma'aunin zafi. Aka ɗaga murfi, aka zura, aka tsaya sai ya daidaita. Farfesan Ƙasa ya ce awo ɗaya ba hujja ba ne, ko ɗan aji ɗaya ya san haka, dole a maimaita sau uku, a sama da tsakiya da ƙasa. Aka maimaita. Suka saɓa a kan ko ma'aunin na taɓa bango, suka tsaya suna musu a kan gawar da ba ta riga ta zama gawa ba, murfi a hangame, ɗan sanyin da baiwar Allah ta tara shekara da shekaru yana fita yana shafa musu ƙafafu. Farfesa har cewa ya yi ɗakin ya yi daɗin zama. Aka tsara a riƙa awon a kai a kai, aka raba wa malamai lokaci, kowa ya zo da nasa ma'aunin don a kauce wa son zuciya. Wani malami ya ga dama ta samu, ya kawo 'yan ajinsa gaba ɗaya su ga yadda zafi ke shiga abu mai sanyi, kowane ɗalibi ya ɗaga murfin da hannunsa don ya samu maki.

Kai jama'a! Da gaba aka yi da ita, da an ce ƙiyayya ce. Amma wallahi kulawa ce. Ba a taɓa yin majinyacin da aka duba kamar Gwaggo ba, kuma ba a taɓa yin wanda dubiya ta kashe kamarta ba.

Waɗanda suka halarci ƙarshenta sun ce ta yi ta fama. Gurr, ƙyas. Gurr, ƙyas. Can ta ja wani dogon gurrrrr har kwalaben cikinta suka amsa, ƙil-ƙil-ƙil, sai ta ce tak. Aka jira ta ɗauka kamar yadda ta saba, ba ta ɗauka ba. Koren idon ya mutu. Kwamiti ya ci gaba da awo har zafin cikinta ya yi daidai da na ɗaki, sannan ya gamsu, ya amince a kira mai gyara. Mai gyara ya zo ya kara kunne, ya ɗan shure ta a ƙugu, ya ce kwamfuresa, wato injin da ke ba ta sanyi, ta ƙone, ya kuma tambaya ko za a sayar masa da jan ƙarfen bayanta.

Dakta ta dawo da hantsi, daga tasha ko gida ba ta biya ba, riƙe da sabon akwatin sanyi da ta sayo don tafiyar kwalaben. Tun daga kan matakala ta ji shirun. Wanda ya shekara goma sha yana jin murya ɗaya, ba sai an gaya masa ba. Ta shiga, warin ruwan kifi ya tare ta, ta ɗora hannu a murfin, babu abin da ya ratsa ta. Ta buɗe, ta miƙa hannu can layin ƙasa, ta ɗauko kwalba guda mai rubutun hannunta na ƙuruciya. Da ɗumi. Ta girgiza ta, ruwan ya ce ƙulu-ƙulu. Masu iya magana sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu, da sauƙi. A nan tulun ya mutu, ruwan kuma ya lalace yana zaune a inda yake. Ta zauna a ƙasa, a cikin jiƙar, da kayan tafiyarta, ta rungume kwalbar ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta, kuma ba ta ji kunyar kowa ba.

A haka Shugaban Sashe ya same ta. Ya yi mata sannu da zuwa, ya ce sai haƙuri, kowane mai rai mamaci ne, sannan ya warware wata babbar takarda ya nuna mata zanen yadda zafin ya riƙa hawa. A gaskiya zanen ya yi kyau, layi ne santal, babu ɗigo ɗaya da ya kauce. Farfesan Ƙasa ya ce za a iya buga shi a mujalla, kuma don girmamawa za a sa sunanta na uku. Da suka ga ba ta ɗago ba, Shugaban ya rage murya ya ce ai abin bai ɓaci duka ba. A sake daskarar da kwalaben a firizar maƙwabta in an cinye naman, ta ɗauke su ta tafi yadda aka tsara, injin ai ba shi da hanci, bai san sun narke ba. Lamba dai za ta fito, takarda ta fito, ita ta samu ƙarin girman da ta daɗe tana jira, sashe ya samu suna, kowa ya huta.

Ba za a yi ƙarya a sanarwar mutuwa ba, Dakta ta auna maganar, domin ƙuruciyarta ce kaf a cikin kwalaben nan, kuma layin ba zai sake zagayowa tana aiki ba. Amma ta san lambar da za ta fito. Halittun sun riga sun cinye ganyen, sun bar tsohuwar ƙasa. Ruwan da ta ɗiba a ƙarƙashin inuwar daji zai je gaban inji ya ce shi ma tsoho ne, ya ce kogin haka yake tun fil'azal, ba abin da sara ya canza, daidai da abin da masu saran ke faɗa, kuma da sa hannunta a ƙasa. Ta miƙe ta gaya wa Shugaban cewa ba za ta sayi tikiti ta kai mai shaidar zur ƙetare ba. Ta ƙara da wasu kalmomi game da shi da kajinsa da zanensa, waɗanda ba su dace da wannan sanarwa ba, amma an ji su har sashen maƙwabta.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwarta, ƙaramar firjin ofishin Shugaban Sashe, wadda ba ta taɓa ɗaukar abin da ya wuce ruwan sha da lemo ba, kuma lafiyarta ƙalau. Ta bar abokin zamanta janareto, wanda dama ya daɗe ba ya kwana a gida. Ta bar famfon tace ruwa mai tarin nan, foh-foh-foh, da tandar gasa kwalabe, da tsohuwar sitabilaiza mai daidaita wuta da ta rantse ba ta ga komai ba. Ta bar cinyar sa da kifi da kaji, dukansu cikin ƙoshin lafiya a gidan maƙwabta. Ta bar uwar ɗakinta ta farko, gwaggon Dakta, wadda da aka kai mata labari ta yi salati, ta share ido, ta tambaya ko an cire mata kwandon ciki, don nata ne, aro ta bayar. Sannan ta bar marayu, kwalabe cike da ruwan da ba shi da sauran magana.

Game da jana'iza, iyalai sun so su mayar da gawar gida, shagon da ta fito, amma masu gadin ƙofa sun hana. Ashe wani ma'ajin kaya ya taɓa zagayowa da gwangwanin fenti ya rubuta mata lamba a baya, ta zama dukiyar jami'a ba tare da ita ko mai ita sun sani ba. Don haka za a kwantar da ita a baranda, kusa da injin kwafe takardu da ya riga ta, har kwamitin zubar da kaya ya zauna, wanda Shugaban Sashe ke jagoranta. Ba za a buɗe ta don ganin ƙarshe ba, an gan ta ya isa. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin bincike, ban da 'yan kwamiti, kuma duk wanda ya zo da ma'aunin zafi a aljihu za a kore shi.

Marayun kuwa, ranar Asabar da safe Dakta za ta ɗauke su a cikin sabon akwatin sanyin, ta kai su saman kogi, daidai kwalbatin da ke kusa da allon masu sayar da fuloti, inda ta riƙa shiga ruwa har ƙugu. Za ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya da hannunta, ta mayar wa kogin abinsa. Ba a bukatar jawabi, ba a bukatar hoto. Ana dai roƙon duk wanda ya taɓa ganin dajin nan da idonsa, ko tsoho ne a riƙo shi a kawo shi, domin daga ranar, in ba bakinsa ba, babu sauran abin da zai ce an taɓa yin bishiya a wurin.